Yadda ake ɗaukaka ƙara idan hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta hana ka diyyar ciwon huhu

Shekaru ke nan ina zama da 'yan'uwanmu da suka yi aikin soja a Amurka, muna haɗa takardun neman diyyar naƙasa daga hukumar tsofaffin sojoji, wato VA. Ni ba lauya ba ne. Nawa shi ne karanta wasiƙa, jera takardu, da raka mutum wurin wakilin da hukumar ta amince da shi. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne yadda mutanenmu ke karɓar wasiƙar ƙi. Mutum zai buɗe, ya ga an hana shi, ya ce "Allah ya sa haka ne mafi alheri", ya naɗe ta ya jefa a durowa. Akwai wani ɗan'uwa da ya yi aiki a sansanin Balad na Iraƙi, inda ake ƙone shara a ƙaton rami dare da rana. Da shi ke jan mu salla, daga baya ya daina, saboda ba ya iya kai ƙarshen doguwar aya da numfashi ɗaya. Wasiƙarsa ta yi wata goma sha huɗu a durowa kafin ya nuna mini. Daga baya ya samu haƙƙinsa, amma kuɗin baya na tsawon lokacin da ya jira sun tafi, domin wa'adin shekara ɗaya na ɗaukaka ƙara ya wuce. Wannan kuɗi ba sadaka ba ne. Diyyar huhunka ce, kuma ba a cire mata haraji.

Abin da zan bayyana ya shafi hukuncin da aka yanke daga 19 ga Fabrairu 2019 zuwa yau, lokacin da sabon tsarin ɗaukaka ƙara ya fara aiki.

Kayan aikin da za ka tanada

Wasiƙar hukuncin gaba ɗayanta, ba shafin farko kaɗai ba. Takardar sallama daga soja, DD-214. Bayanan jinyarka na lokacin aiki da na bayan ka bar aiki. Sakamakon gwajin numfashi, wanda ake hura iska a cikin na'ura, da hoton ƙirji ko na CT in an yi. Takardar magungunan da ka karɓa daga kantin magani na shekara ɗaya ko biyu. Rahoton likitan da hukumar ta tura ka wurinsa, gwajin da suke kira C&P. Sai fayil mai zobe, da littafin rubutu ƙarami, da kalanda.

Idan DD-214 ta ɓace, ana neman ta daga cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata da ke St. Louis da fom SF-180. Idan ba ka da rahoton C&P, nemi kwafin fayil ɗinka da ke hannun hukumar duka da fom 20-10206. Yakan ɗauki watanni kafin ya iso, don haka ka nema tun makon farko, kuma kada ka zauna jiransa har wa'adi ya ƙure. Wakilin da aka amince da shi yana iya ganin fayil ɗin a kwamfuta, wannan ita ce hanya mafi sauri.

Mataki na 1: Rubuta ranar

Dubi kwanan watan da ke saman wasiƙar. Daga wannan rana ake ƙirga shekara ɗaya, ba daga ranar da ka buɗe ambulan ba. Rubuta shi a kalanda, sa'an nan ka ba kanka wa'adin wata goma. Muddin ka ɗauki mataki a cikin shekarar, ranar da ka fara nema tana nan a raye, kuma idan ka yi nasara daga ita za a ƙirgo maka kuɗin baya.

Mataki na 2: Naɗa wakili

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai da ke yin wannan aiki kyauta, haka ma ofisoshin tsofaffin sojoji na jihohi da gundumomi. Da fom 21-22 ake naɗa su. Lauya ko wakili mai zaman kansa kuwa da fom 21-22a, kuma doka ba ta ba shi damar karɓar kuɗi ba sai bayan an yanke hukuncin farko. Abin da aka saba shi ne kashi 20 cikin 100 na kuɗin baya. Duk wanda ya ce ka ba shi wani kaso na kuɗin da za ka riƙa karɓa wata-wata, ko ya nemi lambar sirrinka ta shafin hukumar, ka guje shi. A shafin intanet na VA akwai wurin duba sunan duk wanda aka amince da shi.

Mataki na 3: Gano ainihin abin da aka ce babu

Nan ne gindin aikin. Neman diyya tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku. Na ɗaya, likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu. Na biyu, wani abu ya faru a lokacin aikinka: rashin lafiya, rauni, ko shaƙar hayaƙi da ƙura. Na uku, akwai alaƙa tsakanin na ɗaya da na biyu. Wasiƙar ƙi tana faɗin dutsen da ya rasa. Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin wannan jimla.

Akwai kuma sashen da ke lissafa abubuwan da hukumar ta yarda da su a madadinka, misali cewa lallai ka yi aiki a Kuwait, ko lallai kana da COPD, wato ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa. Waɗannan sun zauna, mai duba ƙarar na gaba ba zai warware su haka kawai ba. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen sake tabbatar da su. Na sha ganin mutum ya kawo shafi ɗari biyu na asibiti don ya nuna yana da ciwo, alhali ba a musa ciwon ba, alaƙar aka ce babu.

Wani lokaci kuma ba hana ka aka yi ba, kason naƙasa da aka ba ka, wanda a kansa ake lissafa diyyar, shi ne ya yi ƙasa. An ba ka 10 alhali gwajinka na 30 ne ko 60. Wannan ma ana ɗaukaka ƙara a kansa.

Mataki na 4: Duba ko dokar PACT ta rufe ka

A ranar 10 ga Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda aka sa wa sunan Saja Heath Robinson, sojan da cutar dajin huhu ta yi ajalinsa bayan ya yi aiki a Iraƙi. Dokar ta ɗauke wa mutane da yawa nauyin dutse na uku. Idan ka yi aiki a wuraren da ta lissafa, kuma kana da ɗaya daga cututtukan da ta lissafa, ana ɗauka cewa aikin ne sanadi.

Wuraren su ne: daga 2 ga Agusta 1990, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Bahrain, Oman, Qatar, Hadaddiyar Daular Larabawa da Somaliya. Daga 11 ga Satumba 2001, Afganistan, Jibuti, Masar, Jodan, Labanon, Siriya, Uzbekistan da Yaman. Cututtukan numfashin sun haɗa da COPD, emfisima, kumburin bututun huhu mai daɗewa, asma da aka gano bayan barin aiki, ƙanƙancewar ƙananan hanyoyin iska, taurin huhu da sauran cututtukan naman huhu, sarkoidosis, kumburin rigar huhu, da ciwon hanci da na kogon hanci masu daɗewa.

Idan an hana ka kafin wannan doka, ba za a sake buɗe maganarka da kanta ba. Kai za ka shigar da ƙarin nema, wato ka nemi a sake buɗe ta, da fom 20-0995. Haka nan, sa suna a rajistar waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan shara ba neman diyya ba ne. Mutane da dama sun yi rajistar suka zauna jiran kuɗi.

Ga wanda ya yi aiki a Nijar, a sansanin Agadas ko a Yamai kafin ficewar sojojin Amurka a 2024, ka sani Nijar ba ta cikin jerin. Wannan bai rufe maka ƙofa ba, sai dai duwatsun uku duka kai za ka kawo. Dokar ta kuma ce idan akwai shaidar ka yi aikin da ya haɗa ka da guba ko hayaƙi, hukumar za ta nemi ra'ayin likita a kan alaƙar. Haka abin yake ga tsofaffin sojojin ruwa da suka yi mu'amala da asbestos, abin nan mai hana kama wuta da ƙurarsa ke cutar da huhu, a cikin jirage.

Idan DD-214 ba ta nuna ƙasar da aka tura ka ba, kawo takardar umarnin tura ka, ko takardun albashi masu nuna alawus na fagen daga, ko takardar lambar yabo ta wannan yaƙi.

Mataki na 5: Karanta gwajin numfashinka da kanka

Kada lambobin su ba ka tsoro, guda uku ne kawai za ka nema. FEV-1 ita ce yawan iskar da ka iya fitarwa a daƙiƙar farko. FEV-1/FVC tana kwatanta wannan da dukan iskar da ka fitar. DLCO tana auna yadda iska ke ratsa huhu ta shiga jini. Ga FEV-1 da DLCO, abin da ake dubawa shi ne kason da ka samu idan aka kwatanta da abin da ake sa ran mai shekarunka da tsawonka zai samu.

Ga COPD da emfisima da kumburin bututun huhu, ma'aunin hukumar shi ne: FEV-1 ko FEV-1/FVC daga 71 zuwa 80, ko DLCO daga 66 zuwa 80, diyyar kashi 10. Daga 56 zuwa 70, ko DLCO 56 zuwa 65, kashi 30. Daga 40 zuwa 55, kashi 60. Ƙasa da 40, kashi 100. Haka ma kashi 100 ne idan likita ya ɗora ka a kan iskar oksijin a gida, ko ciwon ya jawo hawan jini a jijiyoyin huhu, ko ya raunana ɓangaren dama na zuciya, ko numfashi ya taɓa gazawa farat ɗaya. Ga taurin huhu, FVC, wato dukan iskar da ka fitar, da DLCO ake dubawa.

Ka lura da abu uku. Ana amfani da sakamakon bayan an shaƙa maka maganin buɗe huhu, sai idan na kafin maganin ya fi shi kyau. Idan lambobin suka saɓa har kowace tana kai wa ga kaso daban, likitan gwajin ne zai faɗi wadda ta fi nuna halin da kake ciki. Idan kuma ba a yi DLCO ba, dole ya rubuta dalili. Mai emfisima yana iya samun FEV-1 ta 72 amma DLCO ta 52. Ta farko kashi 10 ce, ta biyu kashi 60. Idan ka buɗe rahoton ka tarar gurbin DLCO fayau ba bayani, ka samu abin riƙewa.

Asma nata ma'aunin daban ne, domin tana lafawa ta dawo, kuma gwajin ranar da kake lafiya ba ya nuna ta. Saboda haka magani ma ana ƙirga shi. Shaƙar inhela jefi-jefi, kashi 10. Shaƙa kullum, ko amfani da inhela mai rage kumburi, kashi 30. Ganin likita aƙalla sau ɗaya a wata saboda tashin ciwon, ko shan zagayen ƙwayar sitiroyid irin firednison aƙalla sau uku a shekara, kashi 60. Shi ya sa na ce ka karɓo takardar kantin magani. Sau da yawa ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma kyauta ake bugo ta.

Kada ka sa ran a tara maka kason asma da na COPD. Yawancin cututtukan huhu kaso ɗaya ake ba su, bisa wanda ya fi tsanani.

Mataki na 6: Zaɓi hanya

Hanyoyi uku ne, kuma abin da ka ja wa layi a mataki na 3 shi zai zaɓa maka.

Idan kana da sabuwar hujja, ko kana iya samo ta, ƙarin nema da fom 20-0995. Sharaɗinsa hujjar ta zama ba ta cikin fayil da, kuma ta taɓa abin da ake gardama a kai. A wannan hanya hukumar tana da nauyin taimaka maka ta nemo bayanai. Idan a asibitin kuɗi ka yi jinya, cika fom 21-4142 da 21-4142a ka ba su izini. Mafi yawan waɗanda na zauna da su wannan hanya ce ta dace da su.

Idan hujjar tana nan cikin fayil, kuskuren karatu aka yi, to nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996. Misali, gwajinka ya nuna 54 aka ba ka kashi 30. A nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: mutum ya zaɓi wannan hanya ya liƙa sabuwar wasiƙar likita, ba za a dube ta ba. A fom ɗin akwai gurbin neman ganawa ta waya sau ɗaya. Ka nema, ka rubuta abin da za ka faɗa tun kafin ranar: shafi kaza, kwanan wata kaza, lamba kaza. Idan jami'in ya ga an yi sakaci wajen taimaka maka, kamar gwajin da bai cika ba, yana iya mayar da maganar a gyara. Ba a neman irin wannan dubawa sau biyu a jere a kan magana ɗaya.

Ta uku ita ce kai ƙara gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washinton, da fom 10182. Ita ma reshe uku ce: alƙali ya duba abin da ke fayil kawai, ko ka ƙara hujja cikin kwana 90 da shigar da ƙarar, ko ka nemi zama da alƙali, ka kuma samu kwana 90 bayan zaman don ƙara hujja. Ana iya yin zaman ta bidiyo daga ɗakinka. Hukumar ta sa wa kanta burin kwana 125 a hanyoyi biyun farko, da shekara ɗaya a reshen farko na ta uku. Neman zama da alƙali ya fi kowanne jinkiri, yana iya cin shekaru. Ni ban cika son a fara da shi ba ga mai ciwon huhun da ke ƙaruwa, sai idan maganar ta fassarar doka ce.

Mataki na 7: Haɗa hujjar da ta rasa

Idan alaƙa aka ce babu, abin da kake buƙata shi ne wasiƙar likita, zai fi kyau likitan huhu. Wasiƙar da ke aiki tana da abu huɗu: likitan ya ce ya karanta bayananka na soja da na bayan soja, ya ambaci sunan ciwon, ya ce yiwuwar aikin soja ne sanadi ta kai kashi 50 cikin 100 ko fiye, sa'an nan ya bayyana dalilinsa. Idan ya rubuta "mai yiwuwa ne" kawai, ba ta da nauyi. Kashi 50 ya isa, domin doka ta ce idan hujjoji suka yi kusan kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Akwai kuma fom na musamman na cututtukan numfashi, DBQ, wanda likitanka zai iya cikawa.

Maganar taba kada ka ɓoye ta. Tana nan a rubuce a bayananka tun ranar da wata nas ta tambaye ka, kuma idan aka kama saɓani ɗaya, sauran maganarka ma sai ta yi rauni. Tun 1998 doka ta hana biyan diyya a kan ciwon da shan taba a lokacin aiki ya jawo. Don haka likitan ya fuskanci maganar kai tsaye: kara nawa a rana, shekara nawa, yaushe ka daina, da dalilin da ya sa duk da haka yake ganin hayaƙin ramin shara ko ƙura na da hannu. Shisha ma ka faɗa masa.

Sai shaidar mutane, da fom 21-10210. Maiɗakinka, abokin aikinka na soja, ko mai gidan da kake wa aiki, kowa ya rubuta abin da ya gani da ido. Kada su yi aikin likita. "Yana da COPD" ba nasu ba ne. Nasu shi ne: yana tsayawa sau biyu kafin ya hau bene hawa ɗaya, da filo uku yake kwana, tari na tashe shi kafin asuba, ya bar aikin ɗaukar kaya a watan kaza. Abokin soja ya faɗi nisan tantinku da ramin, da yadda toka ke sauka a kan kayanku. Idan mai shaidar Hausa ce ta fi masa sauƙi, ya rubuta da Hausa, a haɗa da fassarar Turanci. Littafin nan ƙarami kuwa, ka riƙa rubuta kowace rana da ciwon ya tashi, da maganin da ka sha, da ranakun da ka kasa zuwa aiki.

Wanda ya koma gida, Kano ko Kumasi ko Maraɗi, haƙƙinsa bai faɗi ba. Yana iya yin gwajin numfashi a babban asibitin koyarwa. Ya roƙi a yi na kafin magani da na bayan magani, a buga masa cikakken sakamakon da lambobinsa, ba taƙaitawar likita kaɗai ba. Ya kuma tabbata adireshinsa da lambar wayarsa na daidai a wurin hukumar.

Mataki na 8: Ranar gwaji

Sau da yawa za a sake tura ka gwajin C&P. Kada ka fasa. Idan uzuri ya taso, kira ka canja rana tun da wuri. Tambaye su ko za ka dakatar da inhela kafin gwajin da na awa nawa, kada ka yanke da kanka.

Ga abin da ya fi kama mu, mu Hausawa. Likita zai ce yaya jiki, bakinka ya riga ka cewa "da sauƙi, alhamdulillahi". Gaisuwa ce a wurinmu, amma shi yana iya rubuta ta a matsayin bayani. Ga kunya, ga jarumtar soja. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin gaskiya. Faɗi yadda ranarka mafi muni take, da sau nawa take zuwa a wata. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Wajen hura na'ura kuwa, hura da iyakar ƙarfinka, domin na'urar tana gane wanda ya rage ƙoƙari, kuma sai a ce gwajin bai inganta ba.

Idan numfashi na yanke maka amma gwaji ya fito kusan lafiya, gaya wa likitan huhunka ya bincika ƙanƙancewar ƙananan hanyoyin iska. An same ta a jikin sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, kuma takan ɓuya wa gwajin hurawa na yau da kullum.

Mataki na 9: Aika, ka riƙe shaida

Aika ta shafin intanet na hukumar ko ta hannun wakilinka, ka adana takardar da ke nuna an karɓa. Idan ta gidan waya ce, yi rajista. Kada ka taɓa aika asalin takarda, kwafi kawai. Ana bin sawun maganar a shafin, ko ta lamba 800-827-1000. Idan ciwon ya kai matakin ƙarshe, ko kana cikin matsanancin rashi, ko za ka rasa muhalli, fom 20-10207 na neman a gaggauta. Idan kuma huhun ya hana ka riƙe aikin da zai ciyar da kai, kuma kana da kashi 60 a ciwo ɗaya, ko jimillar 70 da ɗaya mai 40, fom 21-8940 na neman a biya ka kamar mai kashi 100.

Mataki na 10: Idan an sake hana ka

Sabuwar wasiƙa tana buɗe sabuwar shekara. Koma mataki na 3, ka ja layi a sabon dalilin, ka zaɓi hanyar da ta dace da shi. Idan alƙalin hukumar ne ya hana, kana da zaɓi biyu: ƙarin nema da sabuwar hujja cikin shekara ɗaya, ko kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, wadda ba ta ƙarƙashin VA. Wa'adin kotun kwana 120 ne kacal daga ranar hukuncin, ba shekara ba. Kuɗin shigar da ƙara dala 50 ne, ana yafe wa marar hali, kuma akwai shirin Veterans Consortium da ke samar da lauyoyi kyauta ga waɗanda suka cancanta. Kotun ba ta karɓar sabuwar hujja, abin da ke cikin fayil take dubawa, don haka duk takardar da kake so alƙalanta su gani, ka tabbata ta shiga tun kana matakan baya.